Makaɗi Mai Hannu Ɗaya

Idan mutum ya tafi kasuwa ya sayi riga da kuɗinsa, rigar ta zama tasa. In ya ga dama ya sa ta ran salla, in ya ga dama ya ninke ta ya jefa cikin adaka har asu ya cinye ta, ba alƙalin da zai kira shi ya tambaye shi dalili. Wannan kowa ya yarda da shi. To, amma dukan abin da kuɗi ke saye haka yake? Ko kuwa akwai abin da mutum zai biya kuɗinsa sarai, ba bashi ba zamba, amma duk da haka ba shi da ikon binne shi? Labarin wani makaɗi na ƙasar Ostiriya, mai suna Paul Wittgenstein, zai taimaki mai karatu ya auna wannan magana, gama a kansa ta faru.

Kafin a shiga labarin ya kamata a san abin kiɗan da mutumin nan ke bugawa. Sunansa piyano. Wani mutumin Italiya, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙago shi wajen shekarar 1700. Babban akwati ne na katako, an ɗaure tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200 a cikinsa. A gabansa akwai maɓallai 88 a jere, 52 farare, 36 baƙaƙe. In an danna maɓalli sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya, sauti ya fita. Maɓallan wajen hagu muryarsu mai kauri ce, na wajen dama siririya. Bisa al'ada hannun dama shi ke ɗauke da karin waƙar, na hagu kuwa yana yi masa rakiya daga ƙasa. A gindin akwatin akwai feda, wadda in an taka ta sautin ya daɗe yana amo ko da an ɗaga yatsa.

Akwai kuma abu guda da ya kamata a riƙe. Turawa suna rubuta kiɗa a takarda da waɗansu alamomi, kamar yadda ake rubuta magana da baƙaƙe. Saboda haka sana'ar ta kasu biyu: akwai mai tsara kiɗa, wanda ke zaunawa ya rubuta, akwai kuma mai bugawa, wanda ke karanta takardar ya fitar da sautin a gaban jama'a. Kiɗan da ke kwance a takarda ba a buga shi ba, kamar iri ne a cikin buta, bai mutu ba, bai kuwa tsiro ba.

An haifi Paul Wittgenstein a Biyana, babban birnin Ostiriya, cikin shekarar 1887. Ubansa, Karl, mai masana'antun ƙarfe ne, yana cikin manyan attajiran ƙasar. Manyan masu tsara kiɗa na zamanin, irin su Brahms da Mahler da Richard Strauss, sukan zo gidansu. Ƙanensa Ludwig ya zama shahararren malamin falsafa. Shi kuwa Paul tun yana yaro ba abin da yake so sai piyano. Ya yi karatu wurin Theodor Leschetizky, wanda ya horar da gwanaye da yawa, da kuma wurin wani makahon malami, Josef Labor. Cikin watan Disamba na 1913 ya fara bugawa a gaban jama'a a Biyana, aka kuwa yaba.

Bai cika shekara guda da farawa ba sai Yaƙin Duniya na Farko ya tashi. Aka kira shi soja. Cikin watan Agusta na 1914, a ƙasar Polan, harsashi ya same shi a gwiwar hannun dama. Aka yanke hannun, Rashawa kuma suka kama shi suka kai shi Omsk, can cikin Sibiriya. Yana da shekara 26 a lokacin.

Wani da ya yanke ƙauna, ya ce sana'a ta ƙare. Shi kuwa sai ya sami akwatin katako, ya zana maɓallan piyano a kansa da gawayi, ya riƙa horar da yatsunsa biyar a kai, sa'o'i da yawa kowace rana, ba sautin da ke fita sai ƙwanƙwasar katako. Ya lura da cewa babban yatsan hannun hagu shi ke wajen siraran muryoyi, saboda haka yana iya ɗaukar karin waƙar, sauran huɗun su yi rakiya, feda kuma ta riƙe sautin ƙasa sa'ad da hannun ya yi tsalle zuwa sama. Cikin 1915 aka yi musayar fursunoni ya komo gida. Cikin Disamba na 1916 ya sake hawa dandali a Biyana, ya buga wani kiɗa da malaminsa Labor ya tsara masa domin hannun hagu kaɗai.

Amma kiɗan hannu ɗaya kaɗan ne ƙwarai a duniya, gwanin kuwa ba zai yi ta maimaita abu guda ba har abada. To, ga gadon ubansa a hannu. Sai ya shiga aika wa manyan masu tsara kiɗa na Turai, yana biyansu kuɗi masu yawa su rubuta masa dogayen kiɗe-kiɗe, irin waɗanda piyano ke jagora, babban taron makaɗa masu goge da busa yana amsa masa. Korngold da Franz Schmidt da Paul Hindemith suka rubuta masa wajen 1923. Richard Strauss ya yi masa biyu. Maurice Ravel na Faransa ya gama nasa cikin 1930, Sergei Prokofiev na Rasha cikin 1931, Benjamin Britten na Ingila cikin 1940. Ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya tara wa hannun hagu dukiya irin wannan ba. Amma yakan sa sharaɗi: shi kaɗai ke da ikon buga kiɗan a gaban jama'a, wani na waɗansu shekaru, wani kuwa muddin yana sana'a.

Har zuwa nan labarin na yabo ne. Daga nan ne abubuwa uku suka faru waɗanda suka jawo tambayar da aka fara da ita.

Na fari, kiɗan Ravel. Wittgenstein ya fara buga shi a Biyana ran 5 ga Janairu, 1932. Da Ravel ya zo ya ji shi yana bugawa, sai ya tarar an sāke abubuwa da yawa, an ƙara nan, an rage can, don piyano ya fi fitowa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. An ruwaito cewa Wittgenstein ya ce masa masu bugawa ba bayi ba ne, Ravel ya amsa ya ce ai kuwa bayi ne, watau bayin abin da aka rubuta. Daga baya suka shirya, har suka yi kiɗan tare a Faris cikin Janairu na 1933, Ravel yana shugabantar makaɗa. Amma Ravel bai ji kiɗansa daga hannun wanda ya zaɓa da kansa ba sai 1937, sa'ad da Jacques Février ya buga shi, a shekarar kuwa Ravel ya rasu.

Na biyu, kiɗan Prokofiev. Da takardun suka iso, Wittgenstein ya rubuta masa ya gode, ya ce amma bai fahimci kiɗan ba, ba zai buga shi ba. Bai kuwa taɓa buga shi ba. Prokofiev ya rasu cikin 1953 bai ji shi ba. Ana nan sai ga wani Bajamushe, Siegfried Rapp, shi ma makaɗin piyano ne, shi ma ya rasa hannun dama, a Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin 1950 ya roƙi Wittgenstein ya yardar masa ya buga kiɗe-kiɗen da aka tsara masa. Wittgenstein ya ƙi. A cikin amsarsa ya ce mutum ba ya gina gida don wani ya zauna a ciki, shi ya yi tunanin abin, shi ya biya, saboda haka nasa ne muddin yana hawa dandali. Ya ƙara da cewa in ya mutu, ko ya bar sana'a, kowa ya ɗauka, gama ba ya so takardun su kwanta ƙura ta rufe su, a cuci waɗanda suka tsara. Rapp bai haƙura ba. Ya nemi kofen kiɗan Prokofiev daga wurin matar marigayin, ya buga shi a Barlin cikin Satumba na 1956, shekara 25 bayan an rubuta shi.

Na uku, kiɗan Hindemith, shi ne mafi nauyi. Hindemith yana saurayi ɗan shekara 27 ya tsara shi cikin 1923. Wittgenstein ya biya, ya duba, bai so shi ba, ya ajiye. Bai buga ba, bai bar wani ya buga ba. Wittgenstein ya rasu cikin 1961, Hindemith cikin 1963, takardun suna nan a rufe. Sai bayan rasuwar matar Wittgenstein aka same su cikin kayansa, a wani gidan gona a jihar Pennsylvania ta Amurka, cikin 2002.

To, yanzu sai a auna. Adalci ne a fara jin hujjar wanda ake zargi, hujjarsa kuwa ba ƙarama ba ce. Ba don shi ba, da kiɗe-kiɗen nan ba su zo duniya ba sam. Ravel ba zai tashi haka kawai ya rubuta wa hannu ɗaya ba. Ba a tilasta wa kowa ba, an faɗi sharaɗi, an yarda, an karɓi kuɗi. Wanda ya karɓi kuɗi bisa sharaɗi, sa'an nan ya komo yana kuka da sharaɗin, ai ba shi da bakin magana. Ban da wannan, makaɗi mai hannu biyu yana da dubban kiɗe-kiɗe da zai zaɓa, mai hannu ɗaya kuwa 'yan ƙalilan ne jarinsa. In kowa yana iya buga su, masu shirya taro za su kira mai hannu biyu wanda ya fi suna, su bar shi zaune. Sa'an nan mutumin nan ya san ɗacin ƙwace. Cikin 1938 Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya, aka ƙidaya gidansu cikin Yahudawa, aka hana shi kiɗa a gaban jama'a. Ya gudu Amurka, aka kuma ba gwamnatin Hitler kaso mai yawa na dukiyar gidan don a ƙyale 'yan'uwansa mata da suka zauna a Biyana. Wanda ya rasa hannu, ya rasa gari, ya rasa dukiya, ba abin mamaki ba ne in ya ƙanƙame abin da ya saura. Sa'ad da Rapp ya rubuto masa, shekarunsa 62, ƙarfinsa yana raguwa, ga yaro ya taso yana neman wurinsa.

Duk wannan gaskiya ne, ya kuwa isa ya wanke shi a wuri guda. Kiɗan da yake bugawa da kansa, yana cin abinci da shi, yana riƙe sunansa da shi, in ya ce a dakata masa na waɗansu shekaru, bai yi zalunci ba. Manomin da ya sare daji ya yi gona, shi ya kamata ya fara cin amfaninta. Dokokin ƙasashe ma haka suka yi wa masu wallafa littattafai, an ba su iko na wani adadin shekaru, bayan haka abin ya zama na kowa.

Amma misalin gida da ya kawo bai kai inda yake so ya kai shi ba. Ɗaki guda ba ya ɗaukar iyali biyu, in baƙo ya shiga dole mai gida ya matsa. Kiɗa kuwa ba haka yake ba. Ya fi kama da wuta: in maƙwabci ya zo ya kunna fitilarsa a jikin taka, taka ba ta rage haske ba. Rapp yana bugawa a Jamus ba ya hana Wittgenstein bugawa a Niyu Yok. In aka ce ai ya rage masa kasuwa, to, wannan a kan kiɗan da yake bugawa ne kaɗai. Na Prokofiev da na Hindemith fa? Waɗannan bai taɓa kai su kasuwa ba, bai kuwa yi niyya ba. Ba abin da zai ragu gare shi in an buga su. Gida ne da mai shi bai kwana a ciki ko dare ɗaya ba, ya kulle, ya sa mabuɗin a aljihu, mutum kuwa yana tsaye a waje cikin ruwa.

Akwai kuma wani wurin da misalin ya karye. Magini in ya gama gini aka biya shi, ya tafi ke nan, ba ruwansa da wanda ya kwana a ɗakin. Mai tsara kiɗa kuwa kuɗi rabin ladansa ne, sauran rabin shi ne a ji abin da ya yi, a san shi da shi. Hindemith ya sayar da ikon bugawa, gama ya ɗauka za a buga. Da an ce masa ga kuɗi, rubuta kiɗa a kulle shi shekara 81, da wuya ya ɗauki alƙalami. Kowace yarjejeniya tana da abin da aka rubuta, tana kuma da abin da duka biyu suka sani ba sai an rubuta ba. Wanda ya ba makiyayi kiwon saniya bai ce masa ya riƙa ba ta ruwa ba, don ba ya zaton sai an faɗa. Wittgenstein bai karya abin da aka rubuta ba, amma ya karya wancan. Haka nan maganar Ravel: kuɗin ya saya masa ikon bugawa, bai saya masa ikon sāke aikin wani ya bar sunan mai aikin a kai ba. Wanda ya sa malami ya rubuta masa wasiƙa, ba shi da ikon ya ƙara magana a ciki ya ce malamin ne ya faɗa.

Sai kuma Rapp kansa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A duk duniya ba wanda ya san halin da Rapp ke ciki kamar Wittgenstein. Ya san yadda ake farkawa a ga hannu babu, ya san ƙarancin abin bugawa, ya kuma san yadda shi kansa ya tsira. Ai ba shi kaɗai ya tashi ba. Makahon malaminsa ya rubuta masa kiɗan farko, dukiyar ubansa ta sayo masa sauran, gwanaye suka ba shi basirarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, nasa ma an kama masa. Rapp ba shi da uba attajiri da zai sa a rubuta masa sababbi. Doka ba ta tilasta wa Wittgenstein ya taimake shi ba, wannan haka ne. Amma abin da doka ta yarda da shi da abin da ya dace ba kullum suke zama ɗaya ba, mutum kuwa yana iya fita daga gaban alƙali da gaskiya, ya shiga gari da kunya.

Wani zai ce ai ya yi alkawari, bayan mutuwarsa kowa ya ɗauka. Ba a shakkar ya faɗa da zuciya ɗaya. Amma a duba abin da ya faru. Ya rasu cikin 1961, kiɗan Hindemith bai fito ba sai bayan shekara 41. Ƙurar da ya ce ba ya so ta rufe takardun, ita ce ta rufe su. Dalili kuwa a fili yake: alherin da mutum ya ɗaga sai bayan ransa ya fita daga hannunsa, ya koma hannun magada, waɗanda wataƙila ba su san darajar abin ba, ko kuwa suna ganin ɓoye shi ne girmama mamacin. Sa'ad da yake da rai, wasiƙa guda ta isa ta buɗe akwatin.

Kada kuma a ɗauka mutumin marowaci ne ta kowace fuska. Ya koyar da almajirai a Biyana da Niyu Yok. Cikin 1957 aka buga masa littafi mai juzu'i uku a Landan, wanda ya zuba dabarun hannun hagu da ya gano a ciki, don duk mai bukata ya koya. Ke nan ya iya bayarwa. Abin da ya gagare shi shi ne ya ga wani ya yi nasara a kan abin da shi ya kasa fahimta, ko ya ga wani mai hannu ɗaya ya tsaya inda shi kaɗai ya saba tsayawa. Wannan rauni ne na 'yan Adam, ba na Turawa kaɗai ba, ba na makaɗa kaɗai ba. Sau da yawa wanda ya sha wuya ya ci nasara yakan so a ce shi kaɗai ne ya iya.

Ƙarshen kiɗan Hindemith kuwa ga shi. Akwai wani gwanin piyano Ba'amurke, Leon Fleisher, wanda yatsun hannunsa na dama suka ƙandare cikin 1964, yana tsakiyar shahara. Shekaru da yawa da hannun hagu ya riƙa kiɗa, kiɗan Ravel na cikin abin da ya riƙe shi a sana'a. Shi aka ba takardun da aka samo a gidan gona. Ya buga kiɗan a Barlin cikin Disamba na 2004, Simon Rattle yana shugabantar makaɗa, shekara 81 bayan an rubuta shi. Wanda ya tsara da wanda ya biya duk sun daɗe a ƙasa.

Yau in an ambaci Wittgenstein, da kiɗan Ravel ake tunawa da shi, watau wanda ya kuɓuce daga hannunsa ya shiga duniya, har masu hannu biyu suna ajiye na dama su buga shi da na hagu. Kowane lokaci aka buga shi sai an faɗi labarin sojan da ya zana maɓallai da gawayi a Sibiriya. Wanda ya ɓoye kuwa bai ƙara masa kome ba shekara 81, da ya fito ma sai ya fito da zargi. Abin da ake nufi ke nan da hana wani, hana kai.

Saboda haka amsar tambayar ita ce, kuɗi suna saya wa mutum ikon ya fara amfani da abu, ya ci moriyarsa, har ya ce wa waɗansu su dakata. Amma in abin yana ɗauke da aikin wani da sunansa, ba ya kuma raguwa don an yi amfani da shi, to, a hannun mai saye rabinsa mallaka ne, rabinsa amana. Duk wanda irin wannan abu ya faɗo hannunsa, ko littafi ne, ko sanin wani magani, ko asirin wata sana'a, aka zo roƙonsa, ya kamata ya tambayi kansa abu biyu kafin ya ce a'a: shin yana amfani da abin nan da kansa? In kuma ya bayar, mene ne zai ragu gare shi? In ya duba ya ga ba ya amfani da shi, ba kuma abin da zai ragu sai jin daɗin cewa shi kaɗai ke da shi, to, ya buɗe akwatin tun mabuɗin yana hannunsa.